Babi na Shida: Wane Baƙin Mai Ya Dace da Tsohuwar Bas?

Kawuna yana da wata farar bas, Toyota Hiace ƙirar 1996, 'yar Kwatano, mai shan fetur. Da ita ya aurar da 'ya'ya mata uku, da ita Allah ya rufa masa asiri shekara da shekaru yana jigilar fasinja tsakanin Kano da Katsina. Kafin ta shigo hannunsa ta riga ta ci rabin rayuwarta a Turai, agogon da ke ƙirga kilomita kuwa ya daɗe da tsayawa, don haka babu mai iya faɗin iyakar tafiyar da ta sha. Abin da muka sani shi ne, duk bayan mako biyu yakan kai ta wurin juye, a kwance noti, tsohon baƙin mai ya tsiyaye cikin kwano, a ɗura mata galan guda na 20W-50, ta koma tasha ta shiga layi.

Wata rana muna wurin juye tare, mai shagon ya sauko da wani galan mai sheƙi daga saman kanta, ya share masa ƙura da hannun riga, ya ce wannan shi ake yayi, sintetik ne, in aka zuba shi sai an yi kilomita 10,000 kafin a sake waiwayar injin. Kuɗinsa ya kusa ninka na wanda Kawu ya saba saye sau uku. Kawu ya jujjuya galan ɗin, ya miƙo mini, ya ce, "Kai da ka yi boko, duba mini, da gaske yake?" Na karanta abin da ke jikinsa, na ga 5W-30, na ce, "Kawu, wannan ya fi wancan nesa ba kusa ba." Ya ƙirga kuɗi ya biya.

Ba a yi kwana goma ba muka fara ganin ɗigon mai a ƙofar gida, daidai inda motar ke kwana. Geji ya sauka, aka ƙara lita guda, aka sake ƙara wata. Abin da ya fi tayar wa Kawu hankali shi ne jar fitilar mai da ta fara ƙyaftawa duk lokacin da ya tsaya a cunkoson Kurna da rana tsaka, sai ya ɗan taka totur ta ɗauke. Muka tafi wurin tsohon bakanikensa. Dattijon ya leƙa ƙarƙashin mota, ya zaro geji ya duba, ya karɓi galan ɗin ya karanta, sannan ya ce, "Alhaji, man nan ba shi da laifi, motarka ma ba ta da laifi. Aure aka ɗaura ba a yi bincike ba."

Na daɗe ina juya wannan magana, domin ni na ba da shawarar, kuma kuɗin da aka yi asara kuɗin cefanen gida ne. Binciken da ban yi ba a ranar shi ne abin da wannan babi ya ƙunsa.

Baƙin mai iri biyu da ake jayayya a kansu duk aikinsu ɗaya: su shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna, su kwashe zafi daga fistan, su wanke dauɗa su riƙe ta har ranar juye, su toshe 'yar ƙofar da ke tsakanin ringi da bangon silinda. Kaso mafi yawa na abin da ke cikin galan shi ne tushen man, ragowar kuma magunguna ne da ake zubawa, masu wanke datti, masu kashe tsami, masu hana tsatsa da kumfa. Bambancin yana wurin tushen. Na gargajiya, wanda 'yan kasuwa ke kira minaral, daga ɗanyen mai ake tace shi, kuma komai iya tacewa ƙwayoyinsa ba sa zuwa daidai wa daida, wasu manya wasu ƙanana, kamar tsakuwar da aka kwaso daga rafi. Idan zafi ya yi yawa ƙananan su ƙone su bi iska, in sanyi ya yi tsanani kakin da ke ciki ya daskare. Sintetik kuwa gina ƙwayoyinsa ake yi, ko a sarrafa su da iskar haidirojin ƙarƙashin matsi mai tsanani har su zama kusan girma ɗaya. Shi ya sa yake jure zafi, ba ya saurin ƙonewa, kuma yana gudu ko da ƙanƙara ta rufe gari.

Wannan na ƙarshe yana cikin asalin abubuwan da suka sa aka neme shi. Jamusawa sun ƙera shi a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu saboda ƙarancin ɗanyen mai da kuma sanyin Rasha da ke daskarar da man injinansu. Bayan yaƙi jiragen sama masu injin jet suka riƙe shi, domin man gargajiya ba ya jure zafinsu. Bai sauko kan motocin jama'a ba sai a shekarun 1970: Amsoil ya fito a 1972, Mobil 1 ya biyo baya a 1974. Daga baya sunan ya faɗaɗa. A 1999 Mobil ya kai ƙarar Castrol gaban hukumar sa ido kan tallace-tallace a Amurka, yana cewa man da Castrol ke kira sintetik ɗanyen mai ne kawai da aka tace sosai. Hukuncin bai yi wa Mobil daɗi ba, kuma tun daga nan yawancin galan ɗin da ke ɗauke da wannan suna a kasuwa irin wancan ne. Mai ne mai kyau ƙwarai, ba na raina shi. Sai dai mai saye ya san cewa kalmar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaban galan ba ita ce ke ɗauke da labarin duka ba. Labarin yana cikin ƙananan lambobi da haruffa.

A nan ne na yi wa Kawu kuskure. Lambobin nan biyu, 20W-50 ko 5W-30, kauri suke nunawa. Ta farko mai harafin W tana faɗin yadda man ke gudu cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa lokacin da ya kai zafin digiri 100, wato kusan yanayin da yake aiki a ciki in injin ya ɗau zafi. Na ɗauke shi daga mai lamba 50 na mayar da shi kan mai lamba 30 a rana ɗaya. Injin da yake sabo fil ƙofofin da ke tsakanin ƙarafansa matsattsu ne, mai mara kauri ya ishe su. Injin da ya shekara kusan talatin yana juyawa kuwa ƙarafan da kiranshaf ke kwance a kansu sun zaizaye, ƙofofin sun buɗe, famfon mai ma ya gaji. In ka ba shi mai tsinkakke sai ya riƙa zurarewa ta gefe da sauri fiye da yadda famfo ke turo shi, matsi ya faɗi, musamman in injin na tsaye yana aiki a hankali cikin zafin bazara. Fitilar da ke ƙyaftawa a Kurna abin da take faɗa ke nan. Da a ce sintetik mai lamba 40 ko 50 na zaɓa masa, da wataƙila fitilar ba ta kama ba. Na haɗa tambayoyi biyu na mayar da su ɗaya, alhali kowacce da amsarta: wane iri, kuma wane kauri.

Batun yoyo shi ne abin da kanikawa suka fi tsorata mutane da shi. Za ka ji ana cewa sintetik yana cinye roba, yana fasa gaskit. Maganar tana da tushe, amma tushen ya tsufa. Man farko-farko na shekarun 1970 wasunsa suna sa robar sil ta ƙanƙance, wasu kuma su kumbura ta. Masu haɗa mai sun daɗe da daidaita wannan. Abin da ke faruwa yau daban ne. Robar tsohon injin ta bushe, ta tsage, amma dagwalon shekaru ya taru ya liƙe tsagar kamar yadda laka ke toshe ɓular tulu. Mai mai ƙarfin wanki ya zo ya share wannan dagwalo, tsagar ta bayyana, ɗigo ya fara. Ɓarnar tana nan tun da, man tona ta ya yi. Amma ga mai mota sakamakon ɗaya ne, kullum da safe ya ga kuɗinsa a ƙasa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma wanda injinsa ke ɗiga ko yake fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa, duk man da ya zuba wani kaso nasa zai tafi. In lita guda za ta bi iska duk bayan 'yan kwanaki, gara ta zama lita mai sauƙin kuɗi har zuwa ranar da za a sauya sil ɗin ko a sa sabon ringi.

Yanzu ga alkawarin kilomita 10,000, wanda shi ne ya ja hankalin Kawu, kuma shi ne ya fi damuna. Lissafin mai shago mai sauƙi ne: ka biya ninki biyu ko uku, ka yi juye sau ɗaya maimakon sau biyu ko uku, ka huta. A Jamus ko Japan, a sabon injin da ke shan tataccen fetur yana shaƙar iska mai tsabta, lissafin yana fita. Amma dalili biyu ne ke sa a zubar da mai. Ko dai shi kansa ya gaji, zafi ya dafa shi ya yi tsami, ko kuma ya cika da abin da ba nasa ba. Sintetik ya yi fice wajen na farko. A kan na biyu kuwa ba shi da wata dabara da ta wuce ta ɗan'uwansa.

Mu kuwa na biyun ne ke kashe mana injina. Wanda ya taɓa bin hanyar Katsina ko ta Haɗeja a watan Janairu ya san yadda ƙurar hunturu ke shiga har cikin haƙora. Wannan ƙura yashi ce mai laushi, kuma duk wadda ta tsallake matatar iska sai ta bi ta ringi ta faɗa cikin mai, ta mayar da shi abin goge ƙarfe. Tsohon ringi kuma ba ya riƙe wuta yadda ya kamata, don haka hayaƙi da ɗanyen fetur suna zurarawa ƙasa su gauraya da man, su tsinka shi. In bas ɗin mai shan gas ce, irin masu injin 3L ko 5L, sai a ƙara da baƙar toka. Ga kuma sinadarin salfa, wanda in ya ƙone ya haɗu da danshi yake zama ruwan tsami mai cin ƙarfe. A 2016 wata ƙungiyar ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto kan man da ake shigowa da shi ƙasashen Afirka, ta nuna cewa salfar da ke cikin wani gas ɗin ta ninka abin da dokar Turai ta yarda da shi sau ɗaruruwa. An tsaurara doka daga baya, amma direban da ke shan mai yau a gidan mai, gobe a wurin 'yan bumburutu, ba shi da tabbacin abin da ke shiga tankinsa. Duk wannan datti yana taruwa a cikin galan mai tsada daidai da yadda yake taruwa a mai araha. Shi ya sa littattafan da kamfanonin mota ke bayarwa suke da jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na wahala, kuma a na wahala sukan rage tazarar juye zuwa rabi. Ƙura, lodi mai nauyi, doguwar tsayuwa injin na aiki: waɗannan su ne alamun wahala a littafin, kuma su ne rayuwar bas ɗin haya tun daga asuba har isha.

A yi lissafi da bas mai zuwa Kaduna daga Kano ta dawo kullum. Tafiya da dawowa sun kai kilomita 460, wato cikin kwana goma sha ɗaya ta cinye 5,000. Mai irin wannan mota yana juye kusan sau uku a wata. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin galan ya zama abin da ake zama a yi shawara a kansa, domin tushen man daga waje ake shigo da shi. Matatar Kaduna ce aka gina da sashen da zai riƙa samar da shi a cikin gida, ita kuwa ta daɗe ba ta aiki. To direban da ya sayi mai tsada, abin da zuciyarsa za ta raya masa shi ne ya ja lokaci don kuɗinsa su fita. Nan haɗarin yake. Na fi jin tsoron sintetik da ya yi wata biyu a cikin tsohon injin fiye da minaral mai kyau da ake zubarwa a kan kari.

Na ce mai kyau, kuma da gangan na faɗa. A kasuwanninmu babbar tambaya ba ta kai ga sintetik ko minaral ba tukuna, tana tsayawa ne a kan na gaske ko jabu. Akwai masu tara tsohon mai daga wuraren juye, su tace shi sama-sama, su ɗura a galan mai sunan babban kamfani su liƙe. Akwai masu sayar da tsuran tushen mai babu magani ko ɗaya a ciki, ana aunawa daga durom da kwalba. A ido yana da kyau, a hannu yana da danƙo. Kuma galan mai tsada ya fi jan hankalin masu jabu, tunda ribar ta fi yawa. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana kama irin waɗannan kaya lokaci zuwa lokaci, amma kariyar da ta fi kusa da direba ita ce ya sayi mai a gidan man kamfanin ko wurin dillalin da ya sani, ya duba hatimin murfi, ya tsaya a buɗe galan a gabansa, in an gama ya huda shi ko ya tafi da abinsa. Murza mai tsakanin yatsu biyu ba ya nuna komai. Baƙin da mai ke yi bayan 'yan kwanaki ma ba aibu ba ne, alama ce ta yana kwasar datti. Wanda ya kamata a yi zargi shi ne man da ya yi mako biyu a tsohon injin ya fito garau.

A bayan galan akwai haruffan API, ma'aunin cibiyar man fetur ta Amurka. Masu farawa da S na injin fetur ne, masu farawa da C na gas, kuma harafi na biyu yana hawa da zamani: SJ ya zo a ƙarshen shekarun 1990, SL a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Bas ɗin Kawu an ƙera ta a zamanin SG da SH, don haka minaral mai SL na yau ya riga ya fi man da injiniyoyin Toyota suka gwada ta da shi tana sabuwa. Wannan kaɗai ya isa ya kwantar da hankalin wanda ke jin kamar yana cutar motarsa don bai sayi mai tsada ba. Abin gudu shi ne galan mai SA ko SB, ko wanda babu haruffan sam. Haka nan SAE 40 ko SAE 50 zalla, mai lamba ɗaya, wanda direbobi da yawa ke so saboda kaurinsa. Da sanyin asubar hunturu yakan yi nauyi, ya ɗau lokaci kafin ya hau saman injin, kuma a waɗannan daƙiƙu na farko ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe.

Akwai wata al'ada da nake roƙon kanikawanmu su bari, tunda ta shafi mai kai tsaye. Da mota ta sauka daga Kwatano sai a cire mata tamostat, a ce na ƙasar sanyi ne. Injin da ba shi da ita yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, danshi da fetur da suka shiga mai ba sa ƙonewa su fita, dagwalo ya taru. In mota na zafi, a wanke lagireto, a duba fanka da famfon ruwa. Haka kuma wanke cikin injin da kananzir ko gas kafin juye: yana ɓamɓaro dagwalo gunduwa-gunduwa ya toshe rariyar famfon mai, kuma injina da yawa sun buga ta wannan hanya.

Kada a ɗauka ina hana sintetik. In bas ɗinka ta baya-bayan nan ce, irin Hiace da aka fara yi daga 2004 mai injin 2TR, ko mai gas da ke da tabo (turbo), ko kuma tsohuwa ce amma an yi mata aikin injin da kaya masu kyau, ba ta ɗiga, ba ta hayaƙi, geji ba ya sauka tsakanin juye da juye, to sintetik mai kaurin da ya dace alheri ne gare ta. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, bas cike da mutane da buhuna tana hawan tudu, shi ne man da ba zai yi saurin dahuwa ba. Tabo kuwa zafinta ya wuce abin da minaral ke so. Akwai kuma na tsakiya, gaurayen biyun, yawanci 10W-40 ko 15W-40, wanda ya dace da injin da ya fara manyanta amma bai gaji ba. Zancen cewa wanda ya fara sintetik ba ya komawa minaral ba shi da asali, domin suna gauraya lafiya, na tsakiyan ma gaurayen ne. Wanda zai sauya, ya riƙe kaurin da ya saba, ya sa sabuwar filta, ya gajarta juyen farko, ya riƙa zaro geji kowace safiya yana kallon ƙasan mota.

Ranar da muka je wurin dattijon bakanike bai ce a zubar da man nan take ba. Ya sauke giya ya sauya sil ɗin bayan kiranshaf, ya sa sabon gaskit a murfin saman injin. Robar da ya ciro ya miƙo mini ita, na lanƙwasa ta ta karye kamar busasshen kara. Ya buɗe gidan matatar iska, ya nuna wa Kawu inda murfin ya tsage da kuma jan garin ƙura da ya kwanta a bututun da ya kamata ya kasance tsaf. Ya ce, "Alhaji, wannan ta fi cin injinka fiye da kowane mai." Aka sayo matata sabuwa, aka liƙe murfin, aka koma kan 20W-50 daga gidan man da Kawu ya yarda da shi. Tunda agogon kilomita ba ya aiki, yaron mota ya samo ɗan littafi ya rataye a jikin madubi, yana rubuta ranar juye da yawan sawun da aka yi zuwa Katsina. In sawu ya kai goma sha huɗu, zuwa da dawowa, sai a nufi wurin juye, in hunturu ne kuma tun a na goma.